BAƘUWAR 'YAR AIKI DA NAUYIN DA KE WUYAN MAI GIDA

A cikin watan Afrilu na 2020 wani mutum a ƙasar Labanan ya buga talla a Facebook, ya ce yana da 'yar aikin gida mutuniyar Nijeriya mai shekara 30 da zai sayar a kan dala 1,000, har ya haɗa da hoton fasfonta domin mai saye ya tabbata hajar tana nan. Da labarin ya iso ƙasar nan hankalin jama'a ya tashi ƙwarai, Hukumar Kula da 'Yan Nijeriya Mazauna Ƙasashen Waje ta shiga maganar, jami'an tsaron Labanan kuma suka kama mutumin. An yi tir, an yi Allah wadai, kura ta lafa. Abin da ba a tsaya aka duba sosai ba shi ne yadda har fasfon mace baliga ya zauna a hannun wani, da kuma abin da ya sa mutumin ya ga kamar abin da ya yi ciniki ne irin na yau da kullum.

Amsar tana cikin tsarin da ake kira kafala, wanda ake bi a Labanan da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf. A ƙarƙashin wannan tsari izinin zaman baƙon ma'aikaci yana ɗaure ne da sunan wanda ya ɗauke shi aiki, watau kafili. Duk wanda ya taɓa zama a Makka ko Jidda ya san darajar igama, ya kuma san halin da mai aiki yake shiga ran da ya saɓa da kafilinsa. Idan 'yar aiki ta bar gida saboda duka ko yunwa ko rashin biya, mai gidan yana iya kai rahoto cewa ta gudu, nan take ta koma mai laifi a idon hukuma alhali kuwa ita aka cuta. A Labanan kuma akwai ƙari, domin sashe na 7 na dokar ƙwadago ta 1946 ya fitar da masu aikin gida daga cikin waɗanda dokar ta kare. A 2020 Ma'aikatar Ƙwadagon ƙasar ta fito da sabuwar takardar yarjejeniya wadda za ta ba 'yar aiki ikon barin aiki, amma masu kamfanonin kawo ma'aikata suka kai ƙara, babbar kotun da ke duba al'amuran mulki ta dakatar da ita a watan Oktoba na shekarar. A cikin shekarar ne kuma, bayan kuɗin ƙasar ya karye, aka riƙa ganin masu gida suna sauke 'yan aikinsu mutanen Habasha a ƙofar ofishin jakadancin ƙasarsu a Beirut, da jakunkunansu, wasu ba a biya su ladan watanni ba.

Ba za a ce babu abin da ya sake ba. Katar ta yi dokar masu aikin gida a 2017, a 2020 kuma ta yanka mafi ƙanƙancin albashi na riyal 1,000 a wata, da riyal 500 na masauki da 300 na abinci idan mai gida bai bayar da su ba, ta kuma sa masu aikin gida a ciki. Saudiyya, inda masu aikin gida da direbobi suka haura miliyan 3, ta bar su a waje lokacin da ta sassauta kafala a watan Maris na 2021, amma daga baya ta yi musu ƙa'ida ta daban wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2024: aiki kada ya wuce sa'a 10 a rana, hutun yini guda kowane mako, ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba, kuma ba a riƙe wa ma'aikaci fasfo. Tun daga watan Yuli na 2024 aka fara tilasta biyan albashinsu ta banki ko ta wayar hannu, domin a sami shaidar an biya ko ba a biya ba.

Sai dai duk waɗannan dokoki suna cin karo da bango guda. Sufeton ƙwadago yana iya shiga masaƙa ko ma'aikatar siminti ya ƙirga sa'o'in aiki, amma ba ya shiga ɗakin girkin mutum. A cikin gida mai gida shi ne mai ba da aiki, shi ne mai masauki, shi ne mai ciyarwa, shi ne kuma alƙali idan an sami saɓani. Saboda haka abin da zai sami baƙuwar 'yar aiki ya dogara ne ga halin mutanen gidan fiye da abin da aka rubuta a gazet.

To, laifi tudu ne, in ji masu magana, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Da yawa daga cikin waɗanda suka fusata da abin da ya faru a Labanan suna da baƙi masu aiki a gidajensu. A Ikko da Abuja da Kaduna da Kano akwai kuku da boyi daga Jamhuriyar Binin da Togo, akwai masu gadi da masu wanki da shara daga Jamhuriyar Nijar. Babu dokar kafala a ƙasar nan, amma akwai abin da ke yin aikinta ba tare da an rubuta shi ba, watau dillanci.

Yadda abin yake gudana sananne ne. Uwar gida ta gaya wa wata dillaliya tana son yarinya. Dillaliyar ta tafi ƙauye, ko ta aika tsallaken iyaka, ta yi magana da iyaye, ta kawo yarinyar. A kan kuɗin wata kuwa da dillaliyar ake yin ciniki, ita ake miƙa wa kuɗin, ita ce take cewa za ta kai wa iyaye ko za ta tara a saya wa yarinya kayan ɗaki. Yarinyar da take tashi tun asuba, take kwanciya bayan kowa, sau da yawa ba ta ma san nawa aka yanka mata ba, balle ta san nawa ya isa gida. Idan shekara ta zagayo dillaliyar takan zo ta ɗauke ta ta kai wani gida, domin kowace sabuwar ajiya da la'adarta. Uwar gida tana iya rantsuwa cewa ba ta taɓa cin kwabon kowa ba, kuma gaskiya ta faɗa, amma wannan bai sauke mata nauyi ba, tun da yake ita ta ci moriyar aikin, ita kuma ta zaɓi ta zuba ladan a hannun da ba ta bincika ba. Mai gidan da yake son ya fita haƙƙi zai biya la'adar dillali daga aljihunsa sau ɗaya, sannan ya riƙa sa albashi a hannun mai aikin kanta, ko a asusun da ke ɗauke da sunanta, a rana tsayayya kowane wata. Al'adar nan ta cewa ana ajiye mata kuɗin har ran da za ta tafi, ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta, igiya ce, domin wadda kuɗinta na wata goma yake hannun wani ba ta iya buɗe baki ta ce ta gaji.

Maganar shekaru ta fi wannan nauyi. A Binin akwai tsohuwar al'ada da ake kira vidomegon, wadda ta yi kama da riƙo a ƙasar Hausa: talaka ya ba ɗan'uwansa mai hali yaro ya rene shi ya sa shi makaranta. Da kuɗi ya shiga cikinta sai ta koma fatauci. Duniya ta farga da haka a watan Afrilu na 2001, sa'ad da jirgin ruwan nan Etireno, wanda ya tashi daga Kwatano zuwa Gabon, aka hana shi sauke mutane ya komo da yara a ciki. Dokokin Nijeriya ba su yi shiru a nan ba. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take zartarwa, ta yanka ɗauri daga wata 6 zuwa shekara 7 ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ma wuce nan, domin ta hana sa duk wanda bai kai shekara 18 ba aikatau a wajen gidansu, ko da yake ƙarfinta a kowace jiha ya dogara ga abin da majalisar jihar ta zartar. Abin mamaki shi ne a gidajen masu ilmi ake yawan ganin wannan, yarinya 'yar shekara 10 tana goye da jakar makarantar tsararta, ta raka shi bakin mota ta komo ga wanke-wanke.

Sai batun takardu. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba har kwana 90. Wanda zai zauna ya yi aiki bayan haka yana bukatar katin zama daga Hukumar Shige da Fice. Masu gida kaɗan ne suke damuwa da wannan, wasu saboda rashin sani, wasu kuwa saboda sun gane cewa ma'aikacin da ba shi da takarda ba ya kai ƙara. Tarihi ya nuna inda wannan sakaci yake kai mutane. A watan Janairu na 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fita, mutane wajen miliyan 2 suka tashi, kusan rabinsu mutanen Ghana, ba a kuma tsaya lissafin ladan da aka bar su da shi ba. Ga mutanen Nijar lamarin ya ƙara rikicewa tun ranar 29 ga watan Janairu na 2025, da ficewar ƙasarsu tare da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu da barinsu su yi zirga-zirga har sai an ba da wata sanarwa, amma abin da aka bari a kan sanarwa, sanarwa tana iya ɗauke shi. Mai gidan da yake da ma'aikaci daga Maraɗi ko Damagaram ya kyautu ya raka shi a daidaita zamansa, sannan ya mayar masa da takardunsa ya riƙe da kansa.

Lalle masu gida ma suna da nasu kukan, kuma ba a kyauta ba idan aka yi watsi da shi. Ma'aikacin gwamnati da matarsa suna fita aiki da safe su bar 'ya'yansu da dukiyarsu a hannun wanda ba su san asalinsa ba, an kuwa sha jin labarin sata, da na haɗa baki da ɓarayi. Wannan tsoro shi ne hujjar masu kulle ƙofa da masu karɓe wayar 'yar aiki. Amma maganinsa a farkon ɗauka yake: a san garin mutum, a san wanda ya tsaya masa, a kai shi wurin mai unguwa ko shugaban mutanen ƙasarsu da ke garin a shaida juna. Hana yarinya magana da uwarta ba ya tsare gwal ɗin kowa. Kuka na biyu shi ne na kuɗi. Mafi ƙanƙancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yuli na 2024, kuma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, watau babu gidan da ta shafa. Ƙaramin ma'aikaci zai ce ina shi ina biyan wani abin da ya kusa albashinsa. Gaskiya ne. Amma wanda ƙarfinsa bai kai ya ajiye mai aikin kwana ba yana iya ɗaukar babbar mace ta zo ta yi sa'a uku ko huɗu ta tafi wani gidan. Abin da ba shi da hujja shi ne a cike giɓin aljihu da yarinyar da ba ta san darajar aikinta ba.

Yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a Janiba a 2011 ta kuma fara aiki a 2013 bayan Uruguwai da Filifin sun amince da ita, ba ta nemi wani abu mai wuya ba. Ta ce baƙon ma'aikaci ya sami sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya tsallake iyaka, ya huta sa'a 24 a jere kowane mako, a biya shi aƙalla sau ɗaya a wata, ya riƙe takardunsa, kada kuma a cire kuɗin dillali daga ladansa. A lissafin ƙungiyar na 2021 masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kashi uku cikin huɗu mata ne. A Afirka, Afirka ta Kudu da Moris da Gini da Namibiya da Saliyo suna cikin waɗanda suka amince da ita. A 2023 Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 143 kan baƙin ma'aikata da ta 181 kan kamfanonin samar da aiki, amma ba ta haɗa da ta 189 ba a wannan karo. Wannan yana rage wa jakadun ƙasar nan ƙarfin murya duk ran da suka je neman haƙƙin wata 'yar Nijeriya a Beirut ko Riyad.

Ba sai an jira Janiba ba kuwa. Dokar ƙwadago ta 1974, a sashe na 65, ta riga ta ba Ministan Ƙwadago ikon kafa ƙa'idoji kan ɗaukar masu aikin gida, da masaukinsu, da mayar da su garuruwansu. Wannan na ƙarshe shi ne wanda masu gida suka fi mantawa da shi. Ran da aka ɓata, ko 'yar aiki ta kwanta ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akan haɗa mata ƙullin kayanta a ce ta nemi dillaliyar da ta kawo ta. Ita kuwa ba ta jin harshen garin sosai, ba ta san tashar da za ta hau mota ba, garinsu kuma yana bayan iyakar ƙasa. Kuɗin magani da kuɗin motar komawa gida suna cikin ainihin tsadar ɗaukar baƙo aiki, kuma tun ranar ɗauka ya kamata a rubuta wanda zai biya su, a gaban shaidu, cikin harshen da mai aikin take ji.