Sayen ƙaramin jirgin ruwa: a auna shi da ƙarfin mutum ɗaya

Bayan farashin hatsi da na dabbobi, yau za mu taɓa wani kaya wanda ba a kasa shi a rumfa, amma kuɗinsa ya kai na saniya, haɗarinsa kuwa ya fi nata. Wato ƙaramin jirgin ruwa, kwale-kwale, irin wanda manomin fadama ko masunci yakan saya don amfanin kansa, wata rana kuma ya ɗauki maƙwabci ko iyali. Mutanenmu na Rido da ƙauyukan da ke kewaye da matatar mai, daga Romi har bakin kogin Kaduna, da yawa suna da gona ko lambu a gefen ruwa, saboda haka maganar ta shafe mu.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: mutum ya sayi jirgin da zai iya sarrafawa shi kaɗai, sa'an nan ya yanke adadin waɗanda zai ɗauka tun ranar ciniki. Kada a bari sai an je bakin ruwa, mutane sun taru, kunya ta yanke masa adadin.

Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne. Wani yakan ce tunda wata rana zan ɗauki mutane, bari in sayi babba. To, babban jirgi na mutum biyu ne ko uku, ɗaya a goshi, ɗaya a baya. Ranar da kake kai kaɗai, wadda ita ce mafi yawan ranakunka, goshin yakan ɗaga sama, iska ta kama shi, igiyar ruwa ta juya shi, kana tuƙi yana tafiya inda ya ga dama. In ya hau yashi ba ka iya ture shi, in ruwa ya ƙaru da dare ba ka iya jawo shi tudu. Wani kuma yakan bi araha, ya sayi siririn komi na masu jefa birgi. Wannan yana da gudu, ba shi da nauyi, amma na gwani ne. Baƙo ya miƙe tsaye ko ya karkata don ya ɗebi ruwa, sai ku kife. Araha ba ta ado.

Abin da muke ganin ya dace shi ne matsakaici: tsawo kamar ƙafa 14 zuwa 16, mai faɗin ciki, mai shimfiɗaɗɗen gindi. Faɗi shi ke hana kifewa, ba tsawo ba. Irin wannan mutum ɗaya yana tura shi da gora a ruwa marar zurfi, ya tuƙa shi da filafili a zurfi, kuma yana ɗaukar mai shi da manya biyu ba tare da ya nutse har baki ba. Shimfiɗaɗɗen gindi ya fi dacewa da kogin Kaduna, domin da rani ruwa yakan janye, duwatsu da tsibiran yashi su fito, jirgi mai zurfin ciki sai ya yi ta karo.

Sai maganar abin da aka yi shi da shi. Jirgin sassaƙa, wanda aka fafe daga gungume guda, ba shi da haɗi balle ya yi yoyo, in itacen na kirki ne. Maɗaci da kawo su ne na gaba. A shekarar 1987 wani Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da jirgin sassaƙa mai tsawon fiye da mita 8. Masana suka auna shekarunsa kimanin 8,000, suka ce itacen dangin maɗaci ne. Kun ga kakanni ba su zaɓe shi a banza ba. Rimi kuwa yana da sauƙin sassaƙa da sauƙin kuɗi, amma yana shan ruwa, ba ya daɗewa. Matsalar yau ita ce manyan itatuwa sun yi wuya, shi ya sa jirgin katako ya yawaita. Shi ba shi da laifi, ya fi faɗi, kafinta yana gyara shi, sai dai kowane haɗi ƙofar ruwa ce, kuma yana son kwalta duk shekara. Na faiba ya fi su duka rashin nauyi, ba ya ruɓewa, amma kuɗinsa da yawa, in dutse ya fasa shi mai liƙe shi ba a kusa yake ba.

Akwai masu sha'awar jirgi mai ƙyallen da iska ke turawa, irin wanda ake gani a tekun Legas, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, inji ya zama abin tsoro. Mu ba mu ba da shawarar wannan a nan ba. Jirgin ƙyalle yana son ruwa mai faɗi kamar tafkin Kainji, inda iska ke tafiya ba shamaki. Yana kuma buƙatar wani allo a ƙarƙashinsa mai shiga cikin ruwa, wanda ke hana iska tura shi gefe. A kogi mai duwatsu wannan allon shi zai fara karyewa, iskar hadarin farkon damina kuma tana iya kifar da jirgin kafin ka kwance igiya. Inji ma, ga mai ƙetare kogi zuwa gona, ɗawainiya ce: ga mai, ga gyara, ga ɓarawo. Gora da filafili biyu sun isa, ɗaya a hannu ɗaya ajiye.

Yanzu ga ciniki. Hausawa sun hana sayen kifi a ruwa, to jirgi kuma ba a sayensa a tudu. A sa shi a ruwa, a bar shi ya kwana, da safe a ga abin da ya tara. A ƙwanƙwasa jikinsa, inda ya yi ƙara kamar ganga ruɓa ce. A soka tsinken ƙarfe a gindi da wajen ƙusoshi. Sabon fenti ko kwalta mai kauri a wuri ɗaya, a tambayi abin da ke ƙarƙashi. Sa'an nan a loda masa buhunan yashi gwargwadon nauyin mutanen da kake nufin ɗauka, ka shiga, ka tuƙa. In tsakanin ruwa da bakin jirgin bai kai taƙi guda ba, lodin ya yi yawa, a rage. Adadin da ya rage shi ne adadinka, ka rubuta shi da fenti a jikin jirgin kowa ya gani. A tuna buhun masara kilo 100 ne, ya fi yawancin manya nauyi, jarkar ruwa mai lita 25 kuma kilo 25 ce. Kaya ma fasinja ne.

Wani zai ce, ai ni ba ɗan fito ba ne, taimako kawai nake yi. To, ruwa bai san taimako ba. A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau. A watan Mayu na 2021, a Warra ta jihar Kebbi, jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tsage a kogin Kwara, kaɗan suka tsira. Duka biyun lodi ne ya fi ƙarfin jirgi. Waɗannan manya ne, amma hukuncin ɗaya ne ga ƙarami. Abin da ke cika ƙaramin jirgi ba kwaɗayin kuɗi ba ne, nauyin baki ne: suruki ya zo, ga mai goyo, ga yaro an ce ai ba shi da nauyi. Rubutun da ke jikin jirgin shi zai yi maka magana. Sawu biyu ya fi jana'iza ɗaya.

Cikin kuɗin jirgi a lissafa rigunan ruwa, ɗaya ga kowane mai shiga, da ƙwaryar kwarfe ruwa, da igiya mai ƙarfi ta ɗauri. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta wajabta sa rigar, ta kuma hana tafiyar dare. Wanda kuɗinsa bai kai na riguna ba, kuɗinsa bai kai na jirgi ba tukuna, ya ƙara tari. A watan Agusta da Satumba kuwa, sa'ad da kogin ya cika ya yi ja yana jan itatuwa, a ɗaure jirgi a bi gada, ko da zagaye ne.

Masu neman araha su yi ciniki da rani, lokacin da ba a rububi, kuma akwai sararin gwaji a ruwa mai sauƙi. A tafi da tsohon masunci ko Sarkin Ruwa na yankin, a ba shi goronsa, idonsa zai ga abin da naka bai gani ba. Allah ya ba da sa'ar ciniki, ya fisshe mu lafiya.