BINDIGA BA TA TASHI DA KANTA

Jama'a, ƴan'uwa maza da mata, akwai wata kalma da za mu yi shari'a da ita yau. Kalmar ita ce "ta tashi". In ƙaramar bindiga ta kashe mutum a bariki, ko a zaure, ko wajen biki, sai ka ji ana cewa bindiga ce ta tashi, tsautsayi ne, shi kuwa ba ya wuce ranarsa. A yi jana'iza, a yi sadakar uku, a watse. Mu ba mu yarda da wannan magana ba. Bindiga ƙarfe ce, ba ta da rai, ba ta da niyya. In ka bi sawun harsashin da ya fita ba da nufi ba, kusan kullum hannun mutum za ka tarar: wani ya ce ba komai ciki alhali bai duba ba, wani ya ɗora yatsa bisa kunama, wani ya juya bakinta wajen ɗan'uwansa.

Zancen ya shafe mu ƙwarai. Ɗan sanda, jandarma, gardi, ɗan duwan, da ɗan kasuwa mai takardar izini, duka ƴaƴanmu ne, cikin gidajenmu suke kwana, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Kuma tun 2011 da gwamnatin Libiya ta faɗi, makamai sun kwararo cikin ƙasashen Sahel, sun faɗa hannun mutanen da ba wanda ya koya musu riƙonsu.

To, ga abin da ya kamata kowa ya sani. Fistole na da wuri biyu da harsashi ke zama. Na ɗaya gidan harsashi, wanda soji ke ce ma sharja, shi ke shiga cikin mariƙi. Na biyu gindin bututu, inda harsashi guda ke kwance yana jiran a taɓa kunama. Wanda ya zare sharja ya raba bindiga da harsashin da ke gida, amma na gindin bututu yana nan daram. Sai an ja marfin sama baya, wato kulas, sannan ya fito. Kuma tsari ne, ba a juya shi: a fara zare sharja, sannan a ja kulas. Wanda ya fara da jan kulas ya fidda guda ya sa wani a madadinsa, ya zare sharja yana murna, bindiga cike.

Wannan harsashi guda shi ya kashe Terry Kath, makaɗin jita na ƙungiyar Chicago, ran 23 ga Janairu 1978 a birnin Los Angeles na Amurka. Mutum ne mai son bindigogi, ya saba da su. Ya nuna ma abokinsa sharja ba komai ciki, ya kai bindiga ga kansa, ya ja kunama. Yana da shekara 31.

Kada wani ya ce sai jahili ke yin haka. A watan Yuni 1871, a garin Lebanon na jihar Ohio, wani babban lauya mai suna Clement Vallandigham, wanda ya taɓa zama ɗan majalisar Amurka, yana kare wani da ake tuhuma da kisa. Hujjarsa ita ce mamacin shi ya harbi kansa garin zaro bindiga daga aljihu. Ya tashi zai gwada ma abokan aikinsa yadda abin ya faru, ya ɗauki bindiga yana zaton fanko ce, ya harbi cikinsa. Washegari ya rasu. Ilimi bai cece shi ba, don bai duba ba.

Ga kuma na zamaninmu. Ran 21 ga Oktoba 2021, a jihar New Mexico, ana shirya silima mai suna Rust, aka miƙa ma ɗan wasa Alec Baldwin bindiga, aka faɗa masa ba ta da harsashin gaske. Harsashi ya fita, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya ji ma shugaban shirin rauni. A 2024 kotu ta ɗaure matar da ke kula da makaman wurin wata 18, an kuma kori ƙarar da aka kai Baldwin. Bindigar ta bi hannu fiye da ɗaya, kowa ya dogara ga na bayansa.

Nan ne muke so mu tsaya, don nan cutarmu take. Mu mutane ne masu kunya. In babba ya miƙo maka abu ya ce ba komai ciki, duba shi gabansa tamkar ƙaryata shi ne. Ƙaramin soja ba zai so ya buɗe bindiga gaban shefu ba, ƙane ba zai so ya yi ma wansa haka ba. Kunya abu ce mai kyau, amma wannan kunyar ta kabari ce. Gani ya kori ji. Wanda ya karɓi bindiga ya buɗe ta ya duba da idonsa bai raina kowa ba, ya tsare ran babban ne da nasa. Babban da ya ji haushin haka bai cancanci riƙon makami ba.

Wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, wanda ya buɗe makarantar harbi a jihar Arizona a 1976, ya tattara tarbiyyar bindiga cikin doka huɗu, yau ana koyar da su ƙasashe da yawa. Ga ma'anarsu da bakinmu: ka ɗauki kowace bindiga cike take; kada bakinta ya dubi abin da ba ka son halakawa; yatsa waje da kunama sai ka yi saiti; ka san abin da za ka harba da abin da ke bayansa. Hikimarsu ita ce suna tsaron juna. Ko mutum ya manta guda, in ya riƙe sauran, da wuya a yi makoki.

Dokar yatsa na da dalili. In mutum ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko ya damƙi wani abu da ɗaya hannun, yatsunsa na dunƙulewa ba da izininsa ba. Kunamar fistole irin Glock nauyin kilo 2 da rabi ya isa ya ja ta. Dokar ta huɗu ma haka: harsashi mai milimita 9 na fita da gudun mita 350 cikin daƙiƙa guda ko fiye. Zana ba ta tare shi, ƙofar kwano ba ta tare shi, in ya bugi siminti kuma yana iya tsalle ya koma wani gefe.

Wasu za su ce ai akwai sakata, an kulle ta. Muna tambaya: wace bindiga? Glock ba ta da sakatar da ake turawa da babban yatsa, kuma in za a kwance ta don wanki sai an ja kunama. Tokarev ta Rasha, ta asali, ita ma ba ta da ita. Ko mai sakata, ƙarfe na lalacewa, mutum na mantuwa. Sakatar gaske ɗabi'a ce.

Saboda haka muna kira da babbar murya:

1. Kowane bariki da kowace kwamisariya a ajiye tano cike da yashi bakin ƙofa. Nan za a juya bakin bindiga in za a cika ta ko a zazzage ta.

2. Kada a miƙa bindiga sai an zare sharja, kulas na buɗe. Mai karɓa shi ma ya duba, ko daga hannun kwamanda ne.

3. A gida, bindiga cikin akwati mai kwaɗo, harsashi wani wuri dabam. Ƙarƙashin matashi ba maɓoya ba ce, yaro ya san kowane lungu na ɗakin ubansa.

4. Bindiga ta zauna cikin kubenta. Ba a soka ta ga ɗamara ko aljihun riga tsirara, ba a wasa da ita gaban abokai, ba a taɓa ta cikin maye.

5. A daina harbi sama wajen biki. Abin da ya hau sama sai ya sauko, bisa kan wani.

6. In harsashi ya fita ba da nufi ba, ko bai sami kowa ba, a rubuta, a bincika. Kada a rufe da kalmar tsautsayi.

Ku mata, iyayen gida, kuna da haƙƙi ku tambayi maigida inda ya ajiye ta, ko ya zazzage ta. Ƴaƴanku ne ke wasa cikin ɗakin. Ku kuma masu karatu, ku karanta ma waɗanda ba su iya ba.

Harsashi zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa. Da na sani ƙeya ce. Ka duba da idonka, ɗan'uwa, sannan ka sake dubawa.