Wasiƙa Zuwa Ga Matasa Masu Rubuta Manhaja

Ƙannena,

Hannunku na da sauri, kuma abin da kuke fitarwa da Java da C# da Python yana aiki. Allah ya ƙara basira.

Abin da ya dame ni shi ne ajin nan naku mai yin komai da kansa. Aikinsa lissafin kuɗin kaya, amma shi ke buɗe rumbun bayanai, shi ke duba agogon kwamfuta, shi ke tura saƙon waya. To ta ina za a gwada shi? Kafin a tabbatar ragin kashi 5 ya fita daidai, sai an kunna rumbu, an jira intanet. Gwajin daƙiƙa ɗaya ya koma na mintoci, daga nan kowa ya yi watsi da shi.

Maganin ba sabo ba ne. A miƙa wa aji abin da yake buƙata lokacin gina shi, kada ya ƙirƙira da kansa. Ranar gwaji sai a ba shi rumbun bogi da agogon da aka tsayar a 29 ga Fabrairu. Martin Fowler ya yi bayanin wannan tun 2004, shekarar da Michael Feathers ya fitar da littafinsa kan tsofaffin manhajoji, inda ya sa duk wadda ba ta da gwaji cikinsu.

Sai kuma Singleton. Kun ce yana cikin littafin Design Patterns na 1994. Gaskiya ne, amma Erich Gamma, ɗaya daga marubutan huɗu, ya nuna a 2009 cewa ya fi son a cire shi. Singleton tulu ɗaya ne kowa ke tsoma hannu: gwaji na farko ya bar datti, na biyu ya faɗi, a sauya jerinsu duka su wuce.

Kent Beck da Gamma sun rubuta manhajar gwaji ta JUnit a 1997, da na'urorin da wayarku ta fi su ƙarfi. Ku kuwa an ajiye muku kayan aiki kyauta, amma amsarku kullum: "Ai yana aiki a kwamfutata." Wannan ba uzuri ba ne, kasala ce.

Ku yi haƙuri in harshena ya yi kaifi. Kishin sana'a ne. Roƙona ɗaya: gobe, kafin ku rubuta aji, ku rubuta gwajinsa. In gwajin ya nemi rumbu ko intanet, ajin ne ke neman gyara.

Wassalam,
Yayanku a sana'a.