Tsadar laftof: abin da ya kamata mu sani kafin a aiko kuɗi Maleshiya

Jama'ar zongo, iyaye da samari, mun daɗe da saba wa da wata magana: in kana son laftof mai kyau kuma da sauƙin kuɗi, ka aika wa ɗan uwanka da ke Maleshiya ya sayo maka. Mu da ke zaune a Sentul, a arewacin birnin Kuala Lumpur, ɗalibanmu da masu neman na kansu, saƙon nan ba ya yanke mana. Daga Nima da Mamobi, daga Aboabo da Sabon Zongo, har daga Kano da Yamai, tambayar ɗaya ce: nawa ne laftof a wajenku? Amsar ta canza tun daga ƙarshen shekarar 2025. Wanda bai san dalilin canjin ba, zai yi zaton ɗan aikensa ne ya ƙara nasa a kai. Zumunci na iya ɓaci a kan abin da ba laifin kowa a cikinmu ba ne, shi ya sa muka ga ya dace mu baje maganar a faifai.

Daga ina tsadar ta taso?

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin allo da ake kira RAM. Shi ne kamar teburin da kwamfuta ke shimfiɗa aikinta a kai. In teburin ya yi ƙanƙanta, komai ƙarfin injin, aiki zai riƙa tafiyar hawainiya. Kamfanoni uku ne ke ƙera kusan kashi casa'in cikin ɗari na wannan kaya a duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka.

Waɗannan ukun sun sami mai saye da ya fi mu aljihu. Kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna gina manya-manyan cibiyoyin sarrafa bayanai, kuma injinansu suna buƙatar wani nau'in RAM mai tsada da ake kira HBM. Micron da kansa ya bayyana cewa ƙera HBM yana cin kayan aiki kusan ninki uku na abin da RAM na yau da kullum yake ci. A watan Oktoba na 2025, kamfanin OpenAI, mai ChatGPT, ya ƙulla yarjejeniya da Samsung da SK Hynix, inda aka ambaci buƙatar da za ta iya kai faifan siliki 900,000 a kowane wata. Ranar 3 ga Disamba, 2025, Micron ya sanar da cewa zai daina sayar da RAM da ma'adanar SSD ga talakan mai saye a ƙarƙashin sunan Crucial, sunan da duk mai gyaran kwamfuta ya sani kusan shekara talatin. Kafin shekarar ta ƙare, farashin RAM a kasuwa ya ninka biyu, wani ma uku. Ma'adanar SSD ita ma ta bi sahu. Manyan masu haɗa kwamfuta irin su Dell da HP da Lenovo sun fito fili sun ce tsadar za ta shafi farashin kayansu.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, muna zaune ne a ƙasar da ke cikin wannan sana'a dumu-dumu. Intel ya buɗe masana'anta a Penang tun 1972, Micron ma yana da tasa a can. A watan Mayu na 2024, Microsoft ya yi alƙawarin zuba dala biliyan 2.2 a Maleshiya, Google kuma dala biliyan 2. Jihar Johor ta cika da cibiyoyin bayanai. Amma kusanci da masana'anta bai sa kaya ya yi mana araha ba, domin da dala ake yanke farashin RAM a kasuwar duniya. Kuɗin da mai shago a Kuala Lumpur ya biya, kusan shi ne wanda na Tip Toe Lane a Accra ko na Computer Village a Ikeja ya biya. Bambancin yana wajen haraji da kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa ne kawai.

A jira ko a saya?

Dattawa sukan ce a yi haƙuri, abin da ya hau zai sauko. Gaskiya ne, kasuwar RAM ta saba hawa da sauka. A 2023 ma kayan ya yi kwantai har masu ƙera shi suka rage aiki. Sai dai masana'antar irin wannan kaya ba rumfar kasuwa ba ce da za a kafa a mako guda. Sababbin da ake ginawa, irin ta Micron a jihar Idaho da ta SK Hynix a Yongin, sai wajen 2027 ake sa ran za su fara fitar da kaya. Ke nan ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu a bana, ko yarinyar da ke koyon haɗa manhaja, jira ba zai fisshe su ba. Wanda kuwa laftof ɗinsa ke aiki, kawai sabo yake sha'awa, shawararmu ya zauna da abinsa. A canza batir, a share ƙura, a sake ɗora manhaja, zai ƙara shekara biyu cikin rufin asiri.

Tsohuwar dabarar da ta daina ci

A da, abin da muke gaya wa kowa shi ne: sayi mai ƙaramin RAM da araha, in ka sami kuɗi sai ka ƙara. Wannan dabara ta mutu ta fuska biyu. Na farko, RAM ɗin da za ka ƙara shi ne ainihin abin da ya yi tsada. Har tsohon samfurin DDR4, wanda ke cikin yawancin kwamfutocin hannu, bai tsira ba, domin manyan kamfanonin sun rage ƙera shi. Na biyu, da yawa daga cikin sababbin laftof marasa kauri an manne RAM ɗinsu ne da allon ciki. Ba a cirewa, ba a ƙarawa. Yadda ka saye shi, haka za ka rabu da shi.

Saboda haka a yau, a sayi laftof da RAM ɗinsa a ciki tun daga shago. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci ga mai rubutu da binciken intanet da darasi ta Zoom. Gigabait 16 shi ne kwanciyar hankali, kuma dole ne ga mai zane ko haɗa bidiyo ko karatun injiniya. Sabon laftof mai sheƙi, mai gigabait 4 da ma'adana ta gigabait 64, ko kyauta aka haɗa maka da jaka da linzami, ka wuce. Araha ba ta ado. Wata uku ba za a yi ba mai shi zai fara kuka da shi.

Tarkon Windows 10

Nan ne muke so iyaye su buɗe kunne, domin nan aka fi cutar mai ƙaramin ƙarfi. Ranar 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina kula da Windows 10. Akwai ƙarin wa'adi na kariyar tsaro ga wanda ya yi rajista, amma shi ma na ɗan lokaci ne. Windows 11 kuwa ba kowace kwamfuta take karɓa ba. Tana neman injin Intel na zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, da wata na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0.

Sakamakon haka, ofisoshi da bankuna a ƙasashe masu arziki sun yi ta sallamar tsofaffin kwamfutocinsu. Ina za su? Kasuwanninmu. Wanda ya san Agbogbloshie kafin a rushe ta a 2021 ya san inda tsohon kayan lantarkin duniya yake ƙarewa. Za ka ga laftof fes, an rubuta Core i7 a jiki, farashi kamar an tsinta. Kada sunan ya ruɗe ka. Dubi lambar da ke biye da shi. In ka ga i5-6300U ko i7-7500U, na zubi na 6 da na 7 ne, Windows 11 ba ta amince da su ba. In ka ga i5-8250U ko i5-8350U, na 8 ne, ya shiga. i5 na zubi na 8 ya fi i7 na zubi na 6 amfani a gare ka. Wasu masu shago suna da dabarar cusa Windows 11 a kan tsohon inji, ka kunna ka ga ta tashi lafiya, amma Microsoft bai ɗauki alhakin ci gaba da aiko mata da gyara ba.

Ba muna cewa a zubar da tsofaffin ba ne. Makarantar Islamiyya ko ƙungiyar samari da ke koya wa yara buga rubutu za ta iya ɗora musu Linux Mint ko Ubuntu, kyauta ne, su yi shekaru suna aiki. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a saye su da kuɗin na zamani.

To, me za a saya, kuma a ina?

A ganinmu, mai kuɗi kaɗan ya nemi laftof na hannu irin wanda aka ƙera don ma'aikatan ofis: Lenovo ThinkPad T480 ko T490, Dell Latitude 7490, HP EliteBook 840 G5 ko G6. Jikinsu da ƙwari, kayan gyaransu kuma ana samu daga Adum har Farm Centre ta Kano. Amma ko a cikinsu a duba lambar injin, domin akwai T480 da 840 G5 da aka sa wa na zubi na 7.

Daga Sentul, babbar kasuwar kayan nan ita ce Plaza Low Yat a Bukit Bintang. Ka hau jirgin LRT zuwa Titiwangsa, ka sauya zuwa Monorail, ka sauka a Imbi. Akwai kuma Digital Mall a Petaling Jaya. Kafin ka fita gida, duba farashin samfurin da kake so a Shopee da Lazada, ka riƙe shi a waya, ka zaga shago uku ko huɗu kafin ka taya. Masu sayar da nasu na hannu suna Carousell da Mudah. A nan ƙa'ida ɗaya ce: ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura ko sen ɗaya kafin ka ga kaya, kuma a haɗu a wurin da jama'a suke.

In kaya ya zo hannu, kada kunya ta hana ka bincike. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin da zai buɗe zai nuna maka ainihin injin da yawan RAM da irin ma'adanar, ka gwada da abin da aka faɗa maka. Rubuta powercfg /batteryreport a wurin ba da umarni, za ka ga ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. Gwada kowane maɓalli, da kyamara, da lasifika, da ramukan USB. Shiga BIOS ka tabbatar babu kalmar sirri, sannan a haɗa shi da intanet a gabanka, domin akwai kwamfutocin da har yanzu suke ɗaure da rajistar kamfanin da ya sallame su. A ƙarshe ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin laftof da tsawon garanti a rubuce. Da wannan takarda, in an cuce ka, dokar kare mai saye ta Maleshiya ta 1999 ta ba ka damar kai ƙara kotun masu saye, wadda ke sauraron da'awar da ba ta wuce ringgit 50,000 ba, kuɗin shigar da ƙara kuma ringgit 5 ne. Ba rasit, ba magana.

Ga iyaye da masu aike

Abu ɗaya da ke taimakonmu shi ne, soket mai ƙafa uku da ƙarfin wutar Maleshiya iri ɗaya ne da na Ghana da Najeriya, caja za ta yi aiki ba tare da wani ƙari ba. Amma garantin shagon Kuala Lumpur ba ya tsallaka teku. In allon ya mutu a Kumasi, ba wanda zai biya kuɗin jirgi ya dawo da shi. Don haka kafin a aiko kuɗi, a tambayi farashin samfurin a gida, a haɗa da kuɗin canji da na turawa. In bambancin kaɗan ne, saye a gida wajen wanda ka san rumfarsa ya fi.

Sannan a ji tausayin yaran da ke karatu. Takardar zaman ɗalibi a Maleshiya ba ta ba shi izinin kasuwanci ba. Aikin da aka yarje masa ma na awa 20 ne a mako, lokacin hutu, a wasu wurare ƙididdigaggu. In aka ɗora wa yaro laftof biyar ko shida ya kawo gida, an mai da shi ɗan kasuwa a idon jami'an kwastan, a can da nan. Guda ɗaya ko biyu, a jakar hannu saboda batir, ya wadatar.

Mu kuma a matsayinmu na al'umma akwai abin da za mu iya. Adashin da iyayenmu mata suka riƙe gidaje da shi zai iya saya wa ɗalibai goma laftof ɗaya bayan ɗaya, ba tare da bashi mai ruwa ba. Ƙungiyoyin samarin zongo su ware mutum biyu ko uku da suka san kan kwamfuta, duk wanda zai saya ya tafi da ɗayansu kasuwa. Wanda ya gama karatu ya sami aiki, kada ya bar tsohon laftof ɗinsa a ƙarƙashin gado, ya miƙa wa na baya. Masu gyara kuma su daina zubar da matattun kwamfutoci da RAM ɗinsu a ciki, domin ɗan allon nan yanzu kuɗi ne.

Rajistar jarrabawa, neman gurbin karatu, neman aiki, duk sun koma intanet, kuma ba duka waya ke iya yi ba. Yaron da ya rasa kwamfuta a bana saboda an saya masa wadda ba ta aiki, shekara guda ya rasa. A duba lambar inji, a duba RAM, a karɓi rasit. Allah Ya sa albarka a abin da aka samu, Ya ba yaranmu ilimi mai amfani.