Kada Mu Kashe Fitilar, Mu Nemi Ciwon

Akwai wata 'yar fitila a allon da ke gaban direba wadda yawancinmu ba mu ɗauke ta a bakin kome ba. Ja ce ko ruwan ɗorawa, a kanta akwai hoton mutum zaune da wani abu kamar ƙwallo a gabansa, a wasu motocin kuma haruffa uku ne kurum, SRS. Ita ce fitilar jakar iska, wadda kanikawa ke kira eyabag. Mu ɗalibai, da yayyenmu waɗanda ba su daɗe da kama aikin gwamnati ba, mun san yadda ake wahala kafin a mallaki motar fari. A tara albashi, a ci bashi, a ɗauki adashi, sa'an nan a sayo 'yar gwanjo wadda ta biyo ta Kwatano ko ta Ikko. Mota na tafiya, fitilar nan na kunne wata da watanni, ba wanda ya damu. Sai ran da lokacin sabunta takardu ya matso, aka ce a kai mota a duba lafiyarta, sa'an nan hankali ya tashi. Abin takaici, abin da akan nema a ranar shi ne yadda za a kashe fitilar. Ba a tambayar abin da ya kunna ta. Ra'ayinmu shi ne wannan ɗabi'a kuskure ce babba, kuma ta fi muni ga wanda ya yi karatu.

Bari mu fara da aikin fitilar. Duk sa'ad da aka murza makulli, wata ƙaramar kwamfuta da ke cikin motar takan bi wayoyin jakunkunan iska ɗaya bayan ɗaya ta gwada su. Yayin da take wannan aiki fitilar takan kama na 'yan daƙiƙoƙi, kamar shida ko bakwai, kana ta mutu. Wannan shi ne alamar lafiya. In ta ƙi mutuwa, ko tana ƙyaftawa, ko ta kama ana cikin tafiya, to kwamfutar ta ga aibi. Haka kuma in fitilar ba ta kama ba sam a lokacin da aka murza makulli, wannan ma aibi ne, watakila ma ya fi na farko, domin sau da yawa yana nuna cewa wani ya riga ya sa hannu ya rufe mata baki. A motoci da yawa, muddin fitilar na kunne, jakar ba za ta buɗe ba ko da an yi karo.

Jakar kuwa ba ado ba ce. Takan cika da iska cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa, ta tare ƙirji da kan direba kafin su daki sitiyari. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa daga 1987 zuwa 2017 jakunkunan gaba sun ceci rayuka fiye da 50,000 a ƙasar. Tun daga motocin ƙirar 1998 dokar Amurka ta wajabta jaka biyu a gaba, ta direba da ta mai zaman gefensa, kuma irin waɗannan motoci ne suka cika titunanmu. Amma fa a sani, jakar ƙari ce a kan bel ɗin kujera. Wanda bai ɗaura bel ba, jakar da kanta tana iya ji masa mummunan ciwo.

To me ke kunna fitilar? Sau da yawa abin bai taka kara ya karya ba. A ƙarƙashin kujerun gaba akwai mahaɗar waya, yawanci rawaya, wadda kan saki saboda yawan tura kujera gaba da baya, ko saboda tarkacen da muke cusawa a wurin. Akwai kuma wata waya mai faɗi da ke naɗe a cikin sitiyari, wadda ke warwarewa tana naɗuwa duk lokacin da aka juya shi. In ta tsinke fitilar takan kama, kuma galibi ham da maɓallan sitiyari sukan daina aiki tare da ita. Batir mai rauni ma yakan sa kwamfutar ta rubuta aibi. Haka nan na'urar da ke fizgar bel ta ɗaure mutum a lokacin karo, da wadda ke gane ko akwai mutum a kujerar gefe, da ruwan da ya shiga ƙasan mota a lokacin damina ya taɓa kwamfutar. Na ƙarshe, kuma mafi nauyi, shi ne motar da ta taɓa yin hatsari. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga motocin da ake shigo da su an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi karo a Amurka, aka buge jiki, aka yi fenti, jakar kuwa ba a mayar ba.

Hanyar gano gaskiya ba ta da wuya. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Sai dai a lura, ƙananan na'urori masu araha yawanci aibin inji kaɗai suke karantawa, don haka sai a nemi garejin da ke da wadda ke shiga sashen jakar iska. Na'urar za ta ba da lamba, sau da yawa mai farawa da harafin B, wadda ke nuna inda ciwon yake. Mai mota ya rubuta lambar da hannunsa kafin a goge ta. A gyara abin da ta nuna, a goge, a kashe mota a sake tayarwa, a yi 'yar tafiya a gani ko fitilar za ta dawo. Gogewa ba tare da gyara ba ɓata kuɗi ne, gama kwamfutar za ta sake gwajinta ta sake kunna fitilar. Wanda zai taɓa wayoyin nan kuwa, lalle ya cire kan batir ya dakata 'yan mintoci, domin kwamfutar na riƙe ragowar wuta, kuma kada ya jona mitar gwajin waya a kan jakar kanta, don tana iya fashewa a fuskarsa.

Maimakon wannan, me muke yi? Mu je wurin mai gyaran wayar mota mu ce ya taimaka. Shi kuma ya cire ƙwan fitilar, ko ya liƙe ta da baƙin salatif ta ciki, ko ya soke ɗan ƙaramin rasista a bakin wayar don kwamfutar ta zaci jakar na nan lafiya. Mu biya shi muna godiya, mu karɓi takardar shaida. Muna jin uzurin da ake kawowa, cewa kayan gyara da tsada albashi kuma ba ya kai wata, kuma ba mu raina wannan uzuri ba. Amma ai bincike bai kai gyara tsada ba, kuma sau da yawa ciwon bai wuce mahaɗar waya ba. In ma ya zama jakar ce babu, gara mutum ya sani, ya rage gudu, ya yi tanadi, da ya ɗauki iyalinsa a hanyar Zariya zuwa Kano yana zaton yana da kariyar da ba shi da ita. Ranar da ya sayar da motar kuwa, ya sayar wa ɗan'uwansa da ƙarya, ƙaryar da ba za ta tonu ba sai a ranar karo.

A Ingila, inda motar da ta kai shekara uku sai an kai ta gwajin MOT kowace shekara, fitilar jakar iska da ke nuna aibi ta isa ta kayar da mota. Muna ganin ya kamata masu duba lafiyar motoci a jihohinmu su riƙe abin da irin wannan muhimmanci. Su murza makulli da kansu, su ga fitilar ta kama sa'an nan ta mutu, kada su wadatu da ganin allo ba haske.

Saura gargaɗi guda, domin akwai aibin da fitilar ba ta gani. Kamfanin Takata na Japan ya ƙera jakunkuna da wani sinadari wanda zafi da laima ke lalatawa a hankali, har ya zama in jakar ta tashi buɗewa sai ƙarfen da ke riƙe da sinadarin ya tarwatse ya soki mutum. An janye fiye da miliyan 100 a duniya, kamfanin kuma ya karye a 2017. Cikin motocin da abin ya shafa har da Honda Accord ƙirar 2001 zuwa 2007, wadda ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu masu zafi. Wannan sai an ɗauki lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 an bincika a shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta.

'Yan'uwa, yawancinmu gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin da ke ba da irin waɗannan takardu. Wanda ya saba sayen takarda yana rufe gaskiya a kan motarsa, da wuya ya ƙi yin haka a kan gada ko asibiti in an damƙa masa. Saboda haka kafin mu kai mota dubawa, mu ware mako biyu, mu kai ta a karanta lambar, mu gyara abin da aka gani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.