SHARHI: A Auna Motoci Kafin a Rage Ƙarfin Gadojin Kafanchan

Kafanchan gari ne da layin dogo ya kafa. Tun daga shekara ta 1927 ya zama mahaɗar jiragen ƙasa masu zuwa Fatakwal, Kaduna da Jos. Da harkar jirgin ƙasa ta durƙushe, sai nauyin citta, masara, katako da siminti ya koma kan tituna, tare da ƙananan gadoji da kwalbatocin da ke cikin garuruwan Jema'a, Jaba da Kachia.

Kafin a gina kowace gada, injiniyoyi kan ƙiyasta nauyin da za ta ɗauka. Nijeriya ta daɗe tana bin ƙa'idar Ingila mai suna BS 5400, wadda aka fara fitarwa a 1978. A Ingila ƙa'idar ta tanadi mota ta musamman mai nauyin kimanin tan 180 ga manyan hanyoyi, da kimanin tan 120 ga ƙananan hanyoyin jama'a. A 2010 Ingila ta koma ƙa'idar bai ɗaya ta Turai, wadda ta bai wa kowace ƙasa damar daidaita ƙiyasin da irin motocin da ke bin hanyoyinta.

Wannan dama ce wasu ke ganin za ta rage kuɗin kwangila, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Gadar da ke cikin unguwa, wadda babura da Keke NAPEP ne akasarin masu hawanta, ba ta bukatar rodi da siminti irin na gadar babbar hanya. Abin da aka rage a kan gada ɗaya zai iya gina kwalbati a wani ƙauyen da damina ke raba shi da kasuwa.

Sai dai gajeriyar gada tana da nata hali. Tirela guda ta isa ta cika gada mai tsawon mita 10, don haka abin da ke yanke hukunci shi ne nauyin da ke kan layin tayoyi mafi nauyi, ko da sau ɗaya motar ta bi a mako. Dokar ECOWAS ta 2012 ta ƙayyade iyakar nauyin da kowane layin tayoyi zai ɗauka, amma duk wanda ya ga yadda ake lodin citta a kakar ciniki ya san doka daban, lodi daban. Bugu da ƙari, idan wata hanya ta yanke, direbobi kan kwararo cikin gari. Karyewar gadar Tatabu a kan hanyar Mokwa zuwa Jebba a 2017 ta nuna yadda manyan motoci ke komawa hanyoyin da ba a gina dominsu ba.

Saboda haka wajibi ne hukumar kula da hanyoyi ta Jihar Kaduna, KADRA, ta fara da awo. A girka sikeli a hanyoyin shiga Kafanchan da Kwoi a lokacin kakar citta, a kuma rarraba gadoji gida biyu. Waɗanda ke kan hanyar kasuwanni da rumbunan ajiya a bar su da cikakken ƙiyasi. Na cikin unguwanni za a iya sassauta musu, da sharaɗin a kafa shingen ƙarfe mai hana babbar mota hawa, domin allon gargaɗi kaɗai ba ya tsayar da direba.

'Yan kasuwa da ƙungiyoyin masu motoci su ne suka fi cancanta su nemi wannan awo, domin ranar da gada ta rufta, kayansu ne ke kwana a hanya, kuɗin dako kuma daga aljihunsu yake ƙaruwa.