'Yar Fim da Masu Kallonta a Illela

Ko da aka rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni bayan juyin mulkin Nijar na 2023, motocin albasa ne suka tsaya, finafinan Kano kuwa suka ci gaba da tsallakawa cikin wayoyin samari. A gidajen garuruwan biyu an san Sumayyar shirin "Labarina" mai dogon zango kamar 'yar maƙwabta. Amma duba yadda muke yi wa matan da ke sana'ar fim. A 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ, sai ga ta a finafinan Legas, daga baya har Indiya ta kira ta. Jarumi Ali Nuhu ya haura shekara 20 yana fitowa a fim, a 2024 aka ba shi shugabancin hukumar finafinai ta ƙasa. Mace kuwa, tun fim ɗinta na farko ake tambayarta yaushe za ta yi aure ta bari, in auren ya mutu ta dawo, a yi ta yi mata gori. A ganina wannan ba tarbiyya ba ce, son kai ne: mai zagin nata da rana shi ne mai sayen data da dare don kada sabon kashi ya wuce shi.